Grace Hopper

Grace Brewster Murray Hopper (an haife ta ranar 9 ga Disamba, 1906, ta mutu ranar 1 ga Janairu, 1992) 'yar ƙasar Amurka ce, masaniyar lissafi da kimiyyar kwamfuta, kuma jami'a a rundunar sojojin ruwa ta Amurka, inda ta kai muƙamin riya admiral. Tana cikin mutanen farko da suka rubuta wa kwamfutar Harvard Mark I umarni a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An fi saninta da aikinta a kan manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke aiki da su, da kuma harshen kwamfuta na FLOW-MATIC, wanda ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan harshen COBOL. Yawancin tasirinta ya biyo ta tarukan masana ne da zaman kwamitoci, inda ta yi ta jan kamfanoni masu gogayya da juna su yarda da tsari guda. Akwai babban taron shekara-shekara na mata masana kwamfuta da ke ɗauke da sunanta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin Niyok, ita ce babba cikin 'ya'ya uku na Walter Fletcher Murray da Mary Campbell Van Horne. Akan ba da labarin cewa tana shekara bakwai ta kwance agoguna masu ƙararrawa guda bakwai na gidansu don ta ga yadda suke aiki, kafin mahaifiyarta ta ankara. Ta yi makarantar Hartridge a jihar New Jersey. Ta nemi shiga Kwalejin Vassar tana shekara 16, amma makin da ta samu a jarrabawar Latin bai kai ba, sai a shekara mai zuwa aka ɗauke ta. Ta kammala digirin farko a fannin lissafi da fiziks a 1928, ta wuce Jami'ar Yale ta yi digiri na biyu a 1930, sannan ta samu digirin digirgir a lissafi a 1934 a ƙarƙashin kulawar Øystein Ore, masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Norway.

A 1930 ta auri Vincent Foster Hopper, malamin jami'a. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba, amma ta ci gaba da amsa sunansa. Tun daga 1931 take koyar da lissafi a Vassar. Ɗalibanta sun san ta da sa su rubuta bayanin lissafi da jimloli cikakku, tana kuma duba rubutun kamar yadda take duba amsar. A ganinta ilimin lissafi ba shi da amfani ga wanda ba zai iya bayyana shi ga wani ba.

Harvard Mark I

Da Amurka ta shiga yaƙi a ƙarshen 1941, Hopper ta nemi shiga aikin sojan ruwa aka ƙi ta. An ce shekarunta sun yi yawa, nauyin jikinta ya gaza abin da ƙa'ida ta tanada da kusan kilo 7, kuma aikin koyar da lissafi da take yi ma taimako ne ga yaƙin. Ba ta haƙura ba. A watan Disamba na 1943 aka rantsar da ita a sashen mata na rundunar ko-ta-kwana ta sojojin ruwa, ta yi horo a Kwalejin Smith da ke jihar Massachusetts, ta fito ta ɗaya a ajinsu a 1944. Daga nan aka tura ta Jami'ar Harvard da muƙamin ƙaramin laftanar, ta yi aiki a ƙarƙashin Howard Aiken.

Na'urar da ta tarar a can kamfanin IBM ne ya ƙera ta. Tsawonta ya haura mita 15, tsayinta ya kai kusan mita biyu da rabi. Da makunnai da ƙafafun ƙarfe masu juyawa take lissafi, umarninta kuma a jikin dogon zaren takarda ake huda shi. Tana yin lissafin tarawa uku a daƙiƙa ɗaya, ninkawa kuma tana cin kimanin daƙiƙa shida. Hopper da Richard Bloch da Robert Campbell su ne ke tsara mata aiki, yawancinsa jadawalin lissafi na makamai da jiragen ruwa. Aiken ya ɗora wa Hopper nauyin rubuta littafin da ke bayanin yadda ake sarrafa na'urar. Littafin ya fito a 1946 da shafuka fiye da 500, kuma yana cikin rubuce-rubucen farko a kan yadda ake tsara wa kwamfuta umarni.

Sanannen labarin ƙwaron da ya maƙale a kwamfuta ya faru ne a kan na'ura ta biyu, Mark II, ranar 9 ga Satumba, 1947. Ma'aikata sun tarar da wani ƙwaro mai fukafukai, irin wanda ke bin fitila da dare, a cikin ɗaya daga makunnan, suka manna shi a littafin aikin yau da kullum. Littafin yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Ba Hopper ce ta ƙirƙiro kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro ba, injiniyoyi na faɗar haka tun zamanin Thomas Edison, sai dai ita ce ta yawaita ba da labarin a laccocinta har ya bi sunanta.

Tarukan farko na masana kwamfuta

Lokacin yaƙi ayyukan kwamfuta sirri ne, waɗanda ke Harvard ba su san cikakken abin da na Philadelphia ke yi ba. Da aka gama yaƙi sai taruka suka zama hanyar haɗuwa. A watan Janairu na 1947 ɗakin binciken Aiken ya karɓi baƙuncin wani taro kan manyan na'urorin lissafi, wanda mutum fiye da 300 suka halarta daga jami'o'i da kamfanoni da hukumomin gwamnati. A nan aka kawo shawarar kafa ƙungiya ta masu wannan aiki. Ranar 15 ga Satumba na wannan shekara aka yi zaman kafa ta a Jami'ar Columbia, ita ce ƙungiyar da aka sani yau da ACM. Edmund Berkeley, wanda ya yi aiki tare da Hopper a Harvard, shi ne sakatarenta na farko.

A wancan lokaci babu sashen kimiyyar kwamfuta a kowace jami'a, mujallun fannin ma ba su kafu ba. Wanda ya gano wata dabara sai ya kai ta taro, a buga ta a kundin ƙasidun taron. Wannan al'ada ta zauna a fannin har yanzu: a kimiyyar kwamfuta ƙasidar da aka karɓa a babban taro takan yi nauyin wadda aka buga a mujalla, wani lokaci ma ta fi, abin da ba a cika gani ba a sauran fannonin ilimi.

UNIVAC da tafintan farko

A 1949 Hopper ta bar Harvard ta koma kamfanin Eckert–Mauchly a Philadelphia, masu ƙera UNIVAC I. Kamfanin Remington Rand ya saye shi a 1950, aka kuma miƙa na'urar farko ga hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka a 1951. Matsalar da ke gabansu ba ta ƙera na'ura ba ce kaɗai. Kowane mai saye na bukatar a rubuta masa umarni da lambobi, layi-layi, kuma masu iya wannan aiki 'yan ƙalilan ne. Su ma sukan kwafo guntayen umarni daga littafin juna da hannu, kuskure ya shiga wajen kwafin da wajen gyara lambar wurin ajiya.

Tsakanin 1951 da 1952 ta rubuta manhajar A-0. Ta tara guntayen umarnin da aka riga aka gwada a kan tef, ta ba kowane lambar kira. Mai tsara aiki sai ya jera lambobin kiran da bayanan da suke bukata, na'ura da kanta ta ɗauko guntayen, ta gyara musu wurin zama, ta haɗa su. Hopper ta sha faɗa cewa manhajar da Betty Holberton ta rubuta, mai samar da umarnin jera bayanai, ita ce ta nuna mata cewa kwamfuta na iya rubuta wa kanta umarni. Ta gabatar da wannan aiki a taron ACM na birnin Pittsburgh a watan Mayu na 1952, cikin wata ƙasida da ta kwatanta shi da ilimantar da kwamfuta.

Ta kira manhajar kompaila. Asalin kalmar a Turanci na nufin mai tattarawa, kamar wanda ke haɗa littafi daga rubuce-rubucen wasu, kuma abin da A-0 ke yi ke nan. Daga baya ma'anar ta gusa zuwa tafinta, wato manhajar da ke fassara harshe guda zuwa wani. Shi ya sa masana tarihi ke taka-tsantsan da cewa ita ce ta rubuta kompaila ta farko. Heinz Rutishauser da Corrado Böhm a Zurich, da Alick Glennie a Manchester, duk suna kan irin wannan aiki a 1951 da 1952, aikin wasunsu ma ya fi kusa da ma'anar yau. Abin da ya bambanta Hopper shi ne yaɗawa. Da A-2 ta fito a 1953, an ba masu sayen UNIVAC ita tare da rubutun umarninta, aka nemi su aiko da gyaran da suka yi.

Yawancin masu tsara umarni ba su yi na'am ba da farko. Suna ganin na'ura ba za ta iya rubutu mai tsafta da sauri kamar na ƙwararren mutum ba, kuma a lokacin suna da hujja, domin lokacin kwamfuta ya fi albashin ma'aikaci tsada. A watan Mayu na 1954 ofishin bincike na sojojin ruwa ya shirya taro a Washinton kan yadda na'ura za ta riƙa tsara umarni da kanta, Hopper ce ta gabatar da ƙasidar da ta fayyace ma'anonin kalmomin fannin. John Backus na IBM yana cikin masu ƙasida a taron. Shekara uku bayan haka ƙungiyarsa ta fitar da FORTRAN, wanda ya nuna cewa fassarar na'ura na iya kusantar aikin hannu a sauri.

FLOW-MATIC da batun harshe

FORTRAN na masu lissafi ne da injiniyoyi. Hopper ta lura cewa masu lissafin albashi da kayan sito da inshora ba su saba da alamomin aljabara ba, kalmomi suka sani. A farkon 1955 ta miƙa wa shugabannin kamfani shawarar yin harshe mai amfani da kalmomin Turanci. Shi ne ya zama FLOW-MATIC, wanda ya isa hannun masu saye a 1958. Kowace jimla a cikinsa da aikatau na umarni take farawa, kamar COMPARE don kwatantawa, TRANSFER don mayar da bayani wani wuri, STOP don tsayawa, sannan sunayen bayanai su biyo baya. Harshen ya kuma raba bayanin siffar bayanai daga matakan aikin da za a yi a kansu.

Kamar yadda ta ba da labari da kanta a 1978, ta haɗa wa shugabannin misali guda da Turanci, ta kuma sake rubuta shi da kalmomin Faransanci da na Jamusanci don ta nuna cewa duk ɗaya ne a wurin na'ura. Abin bai yi musu daɗi ba, sun ga ta wuce gona da iri, don haka aka tsaya a Turanci. Gwajin nata ya nuna gaskiyar lamarin: na'urar ba ta jin Turanci. Tana duba kalma ne a jadawali ta ga umarnin da ke gabanta, kuma da an cika jadawalin da karanta, rubuta, kwatanta, tsaya, da aikin bai canza ba. Turancin FLOW-MATIC da na COBOL ƙaramin yanki ne mai tsayayyen jerin kalmomi, wanda aka cire masa harshen damo. Sauƙinsa na mai karatu ne, musamman manajan da ke son ganin abin da ma'aikacinsa ya rubuta.

Taron Pentagon da COBOL

Zuwa 1959 kowane kamfani na shirin fitar da harshensa na kasuwanci. Manhajar da aka rubuta wa na'urar wani kamfani ba ta aiki a ta wani, duk wanda ya sauya na'ura sai ya sake biyan kuɗin rubutu daga farko. Ranar 8 ga Afrilu, 1959, Mary Hawes ta kamfanin Burroughs ta kira ƙaramin zama a Jami'ar Pennsylvania kan wannan matsala, Hopper na cikin mahalarta. Suka yanke shawarar neman Ma'aikatar Tsaro ta jagoranci aikin, domin ita ce babbar mai saye. Tana da kwamfutoci 225 a lokacin, ta kuma yi odar wasu 175.

An yi babban taron a Pentagon ranakun 28 da 29 ga Mayu, 1959, mutum 41 suka halarta, Charles Phillips ya shugabanta. Daga nan ƙungiyar CODASYL ta samo asali, sunan kuwa taƙaitawa ce ta taro kan harsunan tsarin bayanai. An kafa kwamiti na gajeren zango ƙarƙashin Joseph Wegstein na hukumar ma'auni ta ƙasa, da wakilan kamfanoni shida: Burroughs, IBM, Honeywell, RCA, Sperry Rand da Sylvania, tare da hukumomin gwamnati uku. An ɗauka abin da za su fitar na wucin gadi ne kafin wani kwamiti ya yi ingantacce. Na wucin gadin ne ya dawwama.

Hopper mai ba da shawara kan fasaha ce, ita da Bob Bemer na IBM. Ba ta cikin mutum shida da suka zauna suka rubuta ƙa'idojin harshen, wato William Selden da Gertrude Tierney na IBM, Howard Bromberg da Howard Discount na RCA, da Vernon Reeves da Jean Sammet na Sylvania. Sammet ta sha gyara masu kiran Hopper uwar COBOL, kuma gyaran nata daidai ne. Amma a cikin harsunan da kwamitin ya ɗebo daga gare su, FLOW-MATIC ne ke da tarihin aiki a ofisoshi, COMTRAN na IBM kuwa a takarda yake tukuna. Daga FLOW-MATIC aka gaji dogayen sunayen bayanai, da aikatau na Turanci, da raba siffar bayanai daga matakan aiki. An amince da ƙa'idojin a watan Janairu na 1960. Ranakun 6 da 7 ga Disamba na wannan shekara aka gudanar da manhaja guda, da ɗan gyara kaɗan, a kan RCA 501 da kuma UNIVAC II, na'urorin kamfanoni biyu daban.

Malaman jami'a ba su shiga aikin COBOL sosai ba. Hankalinsu na kan ALGOL, wanda aka tsara a zaman Zurich na 1958 da na Paris na 1960. A taron da UNESCO ta shirya a Paris a watan Yuni na 1959, Backus ya gabatar da hanyar rubuta nahawun harshen kwamfuta da ƙa'idoji, wadda daga baya aka gane ta yi daidai da wani nau'in nahawu da Noam Chomsky ya bayyana a 1956. Daga wannan reshe binciken ƙa'ida ya bunƙasa, ya samu tarukansa: wanda ya fara a 1960 ya koma FOCS, sai STOC da aka fara a 1969. Hopper ba ta cikin wannan zauren duk da digirinta na lissafi, kuma ba ta samu kyautar Turing ba. Edsger Dijkstra ya yi wa COBOL kakkausar suka a 1975. Duk da haka bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati da dama suna gudanar da manhajojin COBOL har yau.

Komawa aikin soja

Ta yi ritaya daga rundunar ko-ta-kwana a ƙarshen 1966 da muƙamin kwamanda, tana shekara 60. A watan Agusta na 1967 aka sake kiran ta na wata shida, domin sassan rundunar na amfani da nau'o'in COBOL da ba sa jituwa. Wata shidan ya zama kusan shekara 19, ban da gajeren hutu tsakanin 1971 da 1972. Daga 1967 zuwa 1977 ta shugabanci sashen harsunan kwamfuta na rundunar, inda suka tsara gwaje-gwajen da ke tantance ko kompailar wani kamfani ta bi ƙa'ida. Wannan aiki ba shi da suna kamar A-0, amma shi ya sa kamfanoni suka daina karkatar da harshen yadda suka ga dama. Ta kuma yi kira da a rage dogaro da babbar na'ura guda, a koma ga ƙananan kwamfutoci da ke haɗe da juna.

A waɗannan shekaru ta zama mai yawan lacca. Takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, wato iyakar nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, sannan ta nuna nadin waya mai tsawon kusan mita 300 a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan. Da su take bayyana wa manyan hafsoshi dalilin jinkirin saƙon tauraron ɗan'adam, ta kuma tunatar da masu tsara manhaja abin da suke zubarwa. A ofishinta akwai agogon bango da ke juyawa ta hagu, don nuna cewa sabo ba hujja ba ne.

A watan Yuni na 1978 aka yi taron farko kan tarihin harsunan kwamfuta a Los Angeles, Jean Sammet ce shugabar taron, Hopper ce ta yi jawabin buɗewa. Kundin taron ya fito a 1981, kuma wani ɓangare na abin da ake faɗa game da shekarun A-0 da FLOW-MATIC daga wannan jawabi aka samo shi, don haka ya kamata mai karatu ya tuna cewa labarin daga bakin mai shi ne, bayan shekara 25.

An ƙara mata girma zuwa kyaftin a 1973, sai kwamado a watan Disamba na 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985. Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a bikin da aka yi a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston. Tana shekara 79, ita ce mafi tsufa cikin hafsoshin rundunar da ke bakin aiki. Daga nan kamfanin Digital Equipment Corporation ya ɗauke ta mai ba da shawara.

Mutuwa da girmamawa

Ta mutu a gidanta a Arlington, jihar Virginia, ranar 1 ga Janairu, 1992, tana da shekara 85. An binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.

A 1969 wata ƙungiyar manajojin sarrafa bayanai ta ba ta lambar gwarzon shekara a kimiyyar kwamfuta, ita ce ta fara karɓa, kodayake sunan lambar na namiji ne. A 1971 ACM ta kafa kyauta da sunanta don matasan da suka yi fice, Donald Knuth ne ya fara samu. A 1973 ƙungiyar masana kwamfuta ta Birtaniya ta ba ta babban matsayinta na girmamawa, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta karɓi lambar fasaha ta ƙasa a 1991, Shugaba Barack Obama kuma ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2016, bayan mutuwarta. Akwai jirgin yaƙi USS Hopper da ya fara aiki a 1997, Jami'ar Yale ma ta sa wa ɗaya daga kwalejojinta sunanta a 2017.

Anita Borg da Telle Whitney ne suka kafa taron mata masana kwamfuta mai ɗauke da sunanta. An yi na farko a Washinton a watan Yuni na 1994 da mahalarta kimanin 500, na biyu a San Jose a 1997, kuma tun daga 2006 ake yin sa kowace shekara. A cikinsa ana gabatar da ƙasidun bincike, ɗalibai na baje kolin ayyukansu, kamfanoni kuma na zuwa neman ma'aikata.